Bencin Sallau Mai Jaki

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da ake wuni ba a ji ƙarar mota ba. Sunansa Sallau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ɗan sarauta ba ne. Jaki ɗaya gare shi da mangala. Kullum yana gangarawa bakin kududdufi ya ɗebo ƙasar gini ya kai wa magina. Sana'arsa ke nan. Da za ku gamu da shi a hanya, wallahi ba za ku waiwaya ku sake kallonsa ba.

Ku matso ku saurara da kyau, jama'a. Labarin nan tun da na ji shi ya tsaya mini a wuya, kuma duk ranar da na zo ba da shi sai raina ya ɓaci kamar yau na fara jin sa.

Gidan Sallau shi ne na farko in ka shigo garin daga fadama. Hanyar kuwa hawa ce doguwa, irin wadda ko saurayi sai ya yi haki kafin ya ƙare ta. Mutanen ƙauyuka duk ta nan suke bi, masu zuwa kasuwa da masu zuwa ɗakin shan magani. A ƙofar gidan akwai wata ƙatuwar ceɗiya mai inuwa. Duk wanda ya gama hawan nan, a gindinta yake tsayawa ya mayar da numfashi. Amma babu wurin zama, ko dutse babu. Sai ƙasa.

Wata rana da damina, ruwa ya ɗauke ke nan, Sallau ya dawo daga aiki ya tarar da wata tsohuwa zaune dirshan a cikin taɓo a gindin ceɗiyar, ga dammin itacenta a gefe. Tana dafa ƙasa tana yunƙurin tashi, tana komawa. Ya saki jakinsa ya kama ta ya ɗaga.

Ya ce, "Sannu Inna. Me ya sa kika zauna cikin caɓi?"

Ta ce, "Ɗana, ƙafafun ne suka ce ba su zuwa ko'ina. Zaman kam na iya, tashin ne ya gagare ni."

Maganar nan ta shige shi. Ya shiga gida ya samu matarsa Gaje tana tankaɗe. Ya ce, "Gaje, benci zan yi in ajiye a gindin ceɗiya."

Ta ajiye rariya ta dube shi. Ta ce, "Malam, kai? Kai da ko ƙotar fartanya ta karye sai ka kai wa masassaƙi?"

Ya ce, "To ai shi ma masassaƙin ba da gizago aka haife shi a hannu ba. Zan koya."

Ba shi da abin da zai ba kafinta ya yi masa. Saboda haka ya je wurin kafintan garin, wani mai suna Tanimu, ya roƙe shi ya nuna masa yadda ake haɗa ƙafa da katako. Tanimu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Sallau, ka tsaya a kan jakinka. Aikin nan ba ɗiban ƙasa ba ne." Ya laluba cikin tarkace ya jefo masa wani tsohon zarto da rabin haƙoransa suka zube, ya ce, "Ungo, je ka yi wasa da wannan." Sallau ya sunkuya ya ɗauka, ya yi godiya kamar an ba shi sabo.

Katako kuwa, wani tsohon ƙyaure ne na ɗakinsu da ya rushe. Ƙafafu, guntayen azara ne da magina suka yar. Ƙusoshi, a kasuwa ya bi yana ciro su daga fasassun akwatuna, duk a lanƙwashe, ya zo ya riƙa miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse. In ya dawo daga aiki ya yi la'asar, sai ya zauna a ƙofar gida ya kama.

Ku ji yadda koyo yake. Ƙusar farko da ya buga, gudumar ba ta sami ƙusar ba, babban yatsansa ta samu. Farcen ya yi baƙi, daga baya ya fita. Ƙusa ta biyu ya buga ta kusa da baki, katakon ya tsage. Da ƙyar ya haɗa wani abu mai ƙafa huɗu. Ya tsaya ya dube shi, ya yi bismillah ya zauna. Ƙafafun suka baje, kowace ta yi nata wuri, ya faɗi rigingine. Masu wucewa suka tsaya suna ƙyalƙyala dariya.

Ya kwance ya sake haɗawa. Wannan karon ya tsaya, amma ƙafa ɗaya ta gaza sauran, bencin yana ta girgiɗi. Ya ce bari ya rage ukun su daidaita. Ya rage, ashe ya zarce, wata kuma ta zama gajera. Ya sake ragewa. Gaje ta leƙo ta ce, "Malam, in ka ci gaba da haka, tabarma za ka ƙare da ita." Shi ma ya yi dariya. A nan ya gane sai an auna kafin a yanka. Ya samo igiya ya ƙulla, ya riƙa gwada kowace ƙafa da ita. A nan kuma ya gane in ba a gicciya sanda tsakanin ƙafafu ba, ba za su riƙe juna ba. Ba wanda ya gaya masa. Faɗuwa ce ta koya masa.

Duk wannan, mutanen unguwa sun samu abin nishaɗi. In ya wuce da jakinsa sai a ɗaga murya, "Sallau kafinta! Yaushe za ka yi wa jaki kujera?" Ku duba mini wannan hali, bayin Allah. Mutum bai roƙe ku komai ba. Bai taɓa kayan kowa ba. Ya duƙufa yana koyon abin da zai amfani tsofaffin wasu, ku kuwa da ba ku taɓa buga ƙusa ɗaya don Allah ba, ku ne masu bakin dariya. Har yau muna da irinsu. Wasu ma suna zaune a nan.

A ƙarshe dai benci ya tsaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba shi da kyau. Gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kawunan ƙusoshi duk a karkace. Amma ya hau kansa ya yi tsalle, bai motsa ba. Ya samo dutse mai kaushi ya goge saman bencin sarai don kada sartse ya soki wani. Ya babbake ƙasan ƙafafun da wuta saboda gara. Ya kai gindin ceɗiya ya ajiye. Gaje kuma ta kawo tulu da moɗa ta ajiye a gefe, kullum tana cika shi.

Tsofaffi suka samu wurin zama. Mata masu ciki, masu goyo, makafi, masu kaya a ka. Cikin masu zaman akwai wani dattijo daga wani ƙauye mai nisa, ana ce masa Baba Cindo. Gyambo ne a ƙafarsa, ya daɗe yana cin sa, an naɗe da tsumma. Duk ranar kasuwa yakan dogara sanda ya zo ɗakin magani a wanke masa. 'Ya'yansa sun rasu, matarsa ta rasu, ba shi da kowa sai Allah. Ranar da ya fara samun bencin, ya zauna ya miƙe ƙafar, ya lumshe ido. Can ya ga Sallau yana ba jakinsa ruwa.

Ya ce, "Ɗana, wane ɗan albarka ne ya ajiye wannan a nan?"

Sallau ya ce, "Baba, kai dai ka huta. Wanda ya ajiye ya ce na masu gajiya ne."

Cindo ya ce, "To ka gaya masa, Allah ya hutar da shi ranar da babu wurin zama."

Da labarin ya ƙare a nan, da na sallame ku kowa ya tafi da farin ciki. Amma ku saurara.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta. A unguwar akwai wani dillalin hatsi, Alhaji Barmo, mai jiki, mai murya, wanda in ya yi magana ba a musa masa. Yana cikin waɗanda suka fi kowa yi wa Sallau dariya. Wata rana ya biyo ta wurin, ya ji iskar gindin ceɗiya, ya zauna. Washegari ya dawo da abokansa. Kafin a ankara, wurin ya zama majalisarsu. Tun hantsi suke zuwa, sai kiran magariba ke tashe su. Su ci goro su tofar a nan. Su sha rake su zubar da ɓawon a nan. Su shanye ruwan tulun da aka ajiye wa matafiya. Mace ba ta isa ta wuce ba sai an tanka mata, har matan ƙauye suka fara zagayawa ta cikin ƙaya don kada su bi ta gabansu. Tsoho ya zo ya tsaya yana haki, su ɗaga kai su dube shi, su ci gaba da hirarsu. Ƙarti majiya ƙarfi, kowa da zaurensa, kowa da shimfiɗarsa a gida!

Sallau ya dubi yadda suka cika bencin. Ya ce a ransa, wataƙila wurin ne ya yi kaɗan. Ya sake bi yana tsintar katako, ya yi benci na biyu, ɗan gajere, har da majingina a baya don marasa lafiya. Ya ajiye shi ɗaya gefen bishiyar. Ko wuni bai yi a wurin ba, 'yan majalisa suka jawo shi suka haɗa da nasu.

Ranar wata kasuwa, rana tsaka, Baba Cindo ya gama hawan nan da ƙyar. Ya tarar da bencin biyu cike. Ya yi sallama, mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma a ciki-ciki. Ya tsaya ya jingina da sandarsa yana jira ko wani zai matsa. Alhaji Barmo ya ja hannun riga ya toshe hanci.

Ya ce, "Tsoho, yi gaba mana. Ƙudaje kake tara mana."

Cindo ya ce, "Alhaji, numfashi kawai zan mayar in wuce."

Barmo ya ce, "Ka mayar da shi a gaba. Nan wurin mutane ne."

Kun ji? Wurin mutane! Shi Cindo mene ne? Wa ya halicce shi? Wanda ya ba ka ƙafa lafiyayya, ba shi ne ya jarrabi wancan da gyambo ba? Me ka biya aka bar maka taka?

Tsohon ya gyara riƙon sandarsa. Ya ja ƙafarsa ya wuce. Bai yi nisa ba jiri ya kwashe shi, ya zube a tsakiyar rana. Suna hangen sa daga inda suke. Ba wanda ya tashi.

Allah ya kawo Sallau da jakinsa. Ya ture mangalar ƙasar, ya ɗora tsohon a kan jaki, ya komo da shi inuwa. Ya tsaya gaban majalisa, ya rusuna kamar mai neman alfarma a gidan wani.

Ya ce, "Alhaji, don girman Allah a ɗan matsa wa Baba ya kwanta. Jikinsa ba daɗi."

Barmo ya ce, "Kai Sallau, don ka harhaɗa ruɓaɓɓen katako shi ke nan ka zama mai iko da hanya? Ceɗiyar nan kai ka shuka ta? Ka kai shi ɗakinka mana in kana tausayinsa."

Sallau ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a ƙasa, ya kwantar da Cindo a kai. Ya leƙa tulu, babu ko ɗigo. Ya shiga gida ya ɗebo ruwa ya ba shi, ya zauna yana yi masa fifita har ya farfaɗo.

Da ya koma cikin gida ya tarar da Gaje tana huci, don duk ta ji ta bayan danga. Ta ce, "Malam, ka shigo da bencin nan biyu. Wallahi ka shigo da su in faskara in hura wuta. Ka fasa yatsa, ka sha dariya, don waɗannan su zo su miƙe ƙafa su kori wanda aka yi dominsa?"

Ya nemi wuri ya zauna. Sa'an nan ya ce, "Gaje, ni ma raina ya ɓaci, kada ki ɗauka bai ɓaci ba. Amma na riga na ba Allah abin nan. Da wane ido zan koma in ce ya ba ni kayana?"

Ba a daɗe ba, wata rana 'yan majalisa suka cunkushe a kan ƙaramin bencin nan mai majingina, wanda aka yi don tsoho ɗaya ko biyu. Ana ba da labarin wani ana dariya, Barmo ya kwanta da baya da dukkan nauyinsa. Majinginar ta ɓalle. Suka zube a kan juna. Ƙusa ta kama babbar rigar Alhaji ta keta, ta ɗan karce shi a cinya.

Me kuke tsammani ya biyo baya? Kunya? A'a. Ƙara suka kai. Aka aiko aka kira Sallau gaban mai unguwa, wanda shi ma yakan taɓa zama a majalisar.

Mai unguwa ya ce, "Sallau, kai kafinta ne?"

Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Koyo nake yi."

"To wa ya sa ka ajiye abin da zai halaka mutane a kan hanya?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na marasa ƙarfi ne. Ban yi shi don ɗaukar mutum da yawa ba."

Barmo ya daka masa tsawa, "Kun ji ko? Mu yake zagi!"

Nan take aka yanke hukunci. Kada Sallau ya ƙara ajiye komai a kan hanya. Babban bencin kuwa, mai ƙwarin, a ɗauka a kai ƙofar gidan Alhaji a madadin rigarsa da ta yage. Subhanallahi! Abin da aka ce zai halaka mutane, shi ne kuma aka ɗauka aka kai ƙofar gidan mai ƙara. In mugun abu ne, me ya sa kuke so? In mai kyau ne, me ya sa kuka hukunta wanda ya yi? Wannan shi ne zalunci tsirara, kuma a gaban dattawa aka yi shi, ba wanda ya buɗe baki.

Sallau ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Ya tashi ya tafi. Yana tsaye a ƙofar gidansa aka zo aka ɗauke bencin. Ya shiga gida ya zauna a gindin turken jaki, ya haɗa kai da gwiwa. Waɗanda suka ba ni labarin sun ce ranar ya yi hawaye. Mutum ne, jama'a. Haƙuri ba ya hana ciwo.

Kasuwa ta zagayo. Ta tsakanin karan danga ya hango Baba Cindo ya iso gindin ceɗiya, ya dudduba, bai ga komai ba, ya lallaɓa ya zauna a ƙasa. Sallau ya juya ya dubi tsakar gidansa. Ya lura reshen ceɗiyar ya miƙo har cikin gidan, inuwarsa tana sauka daidai inda Gaje take shuka kuɓewa da yakuwa.

Ya ce, "Gaje, an hana ni hanya. Ba a hana ni gidana ba. In na ja dangar nan baya, wurin nan zai koma waje, amma ƙasata ce. Sai dai lambunki zai tafi."

Ta daɗe tana kallon 'yan shukokinta. Sa'an nan ta juya. Ta shiga ɗaki. Sai ya ji ana ƙwanƙwasa abu. Can ta fito tana jan katakon gadonta, gadon da aka kawo ta da shi gidan.

Ta ce, "Ungo. Wannan ya fi ruɓaɓɓen ƙyaure ƙwari. Mu tabarma ta ishe mu. Amma ka yi shi da faɗi, yadda mara lafiya zai iya kwanciya."

Allah ya yi wa irin waɗannan mata albarka. Ita ce fa mai cewa a faskara a hura wuta.

Ya tumɓuke danga ya mayar da ita baya. Gidan da ma ƙarami ne, ya ƙara ƙanƙancewa. Ya zauna ya yi benci na uku, dogo, mai faɗi. Yanzu hannunsa ya ɗan faɗa, ya san inda ake buga ƙusa katako bai tsage ba, ya san a auna kafin a yanka. Har yanzu dai in kafinta ya gani zai taɓe baki. 'Yan majalisa ba su zo ba, don sun samu nasu a ƙofar gidan Alhaji. Masu gajiya suka dawo.

Bayan wani lokaci, ranar wata kasuwa, Baba Cindo ya iso da rarrafe. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikinsa kamar wuta. Sallau bai fita aiki ba ranar. Ya kwantar da shi a kan bencin, Gaje ta dama kunu, ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai. Sallau ya ce bari ya ɗora shi a jaki su ƙarasa ɗakin magani.

Cindo ya ce, "Bar ni a nan, ɗana. Na iso. Da ma tsorona kada in faɗi a hanya ungulu su riga mutane gani na."

Sallau ya ɗora kan tsohon a cinyarsa yana maimaita kalmar shahada a hankali, tsohon yana bi. Bayan azahar kaɗan, rai ya yi halinsa. A inuwa, a kan shimfiɗa, da kalma a bakinsa.

To, ku saurara, don nan ne inda nake jin kamar in fasa ihu. Sallau ya tafi masallacin unguwa neman makara. Ladan ya kama inda-inda. Ya ce makarar Alhaji Barmo ne ya saya wa masallaci, sai an tambaye shi. Aka je aka tambaye shi. Ya ce mutumin ba ɗan unguwa ba ne, kuma ciwon nan nasa ba a san irinsa ba, kada a ɓata makarar da ake ɗaukar mutanen kirki. A kai shi ƙauyensu.

Gawar Musulmi, jama'a! Gawar da in aka bar ta, duk garin ne ke cikin zunubi! An hana shi wurin zama yana da rai, an hana shi abin ɗauka ya mutu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sallau bai tsaya jayayya ba. Ya dawo gida. A gindin ceɗiya ya tarar da wani makahon malami, Malam Bawale, wanda yakan huta a wurin in zai shiga gari. Shi ya zauna yana faɗa masa yadda ake wankan gawa, Sallau yana yi da hannunsa, bai ƙyamaci gyambon ba. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko farin alawayyon da ya daɗe da ajiyewa don likkafanin kansa, ya suturta tsohon da shi. Malam Bawale ya ce, "To ina makara?"

Sallau ya ce, "Malam, ga ta nan yana kwance a kai."

Aka shimfiɗa tabarma a kan bencin, aka ɗaure gawar da igiya. Malam Bawale ya ja salla. Masu ɗauka su ne waɗanda Allah ya tara a wurin: Sallau, da wani mai tallan ruwa, da wani mai itace, da wani baƙauye da ya sauke buhunsa ya ce shi ma a ba shi kusurwa ɗaya. Suka saɓa a kafaɗa.

Hanyar maƙabarta kuwa ta ƙofar gidan Alhaji Barmo ta bi. Majalisa ta cika, ana hira. Suka ɗaga kai suka ga abin da ke tafe: gawa a kan benci, ƙafafunsa huɗu suna reto a iska, makaho yana biye da sanda. Hira ta mutu. Kowa ya san wane ne a kwance, kowa ya san dalilin da ya sa ba a makara yake ba. Sallau bai dube su ba. Salati kawai yake yi.

Wani daga cikinsu ya miƙe, ya sa takalmi, ya bi bayan gawar. Wani ya bi shi. Wani ya ruga ya karɓi mai tallan ruwa da kafaɗarsa ta gaji. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, har aka bar Alhaji Barmo shi kaɗai a zaune. Ko ya tuba daga baya, ban sani ba, ba a gaya mini ba. Tsakaninsa da Ubangijinsa.

Aka binne Baba Cindo kafin rana ta faɗi. Sallau ya ɗauko bencinsa a ka ya dawo da shi, ya wanke shi, ya mayar inda yake. Washegari da safe ya kama jakinsa ya gangara kududdufi, kamar ba abin da ya faru.

To jama'a, ga abin da nake so ku ɗauka ku tafi da shi gida. Allah ba ya duban kyawun aikinka, zuciyar da ka yi shi da ita yake dubawa. Kuma alherin da ka yi don Allah, in mutane suka taka shi, suka ƙwace shi, suka saka maka da sharri, ba ka da hujjar dainawa, domin da ma ba don su ka yi ba.

Kada wani ya ce mini, "Malam, ni ba ni da komai," ko "ni ban iya ba." Me Sallau yake da shi? Me ya iya? A bayan ɗakinka akwai katakon da gara ke ci. A ƙofar gidanka akwai inuwa, kuma kullum tsofaffi suna wucewa suna haki. Ka ari guduma. Za ka bugi yatsa, za a yi maka dariya, na farko zai karye. Ka sake.

Ku kuma 'yan majalisa, da ku nake, kada ku sunkuyar da kai. Ku da kuke wuni a bakin hanya kuna cin naman mutane, matan unguwa suna canza hanya saboda idanunku. Ku da tsoho zai tsaya a kanku a asibiti, a tasha, a cikin mota, ku kau da kai kamar ba ku gan shi ba. Ku da kuke toshe hanci in mara lafiya ya matso. Ku ji tsoron Allah! Ƙafar da kake taƙama da ita aro ce. Akwai ranar da kai ma za a kwantar da kai a kan katako, ba ka iya cewa a ɗauke ka ko a ajiye ka, sai abin da mutane suka ga dama. Ranar nan ba rigarka za a tambaya ba. Za a tambaye ka wa ka matsa wa ya zauna.

Allah ka ba mu zuciya irin ta wannan bawa naka, ka tsare mu da zama sanadin kukan mai rauni, ka sa mu cika da kalma a bakinmu. Ku ce amin, ku tashi mu yi salla.